Gidauniyar Makarantar Tsallaken Iyaka: Lissafin da Ake Yi Kafin a Buga Katin Gayyata

Duk wanda ya taɓa zama a wajen ƙaddamar da gidauniya a Katsina ya san yadda ranar take tafiya. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, sanƙira riƙe da makirfo yana shela: Alhaji wane ya ba da miliyan ɗaya, wakilin wane ya ba da buhun siminti ɗari. Jama'a na kabbara. A gefe guda kuma faranti na zagayawa, mata na kwance bakin zani suna jefa ɗari biyu-biyu, ɗari biyar-biyar. Da an watse, ma'aji da sakatare suka zauna ƙirga, abin da ke cikin farantin nan da wanda ya shigo ta waya a ranar shi ne kuɗin gidauniya. Sauran alkawari ne, kuma alkawari ba ya sayen bulo. Shi ya sa littafin sakatare yake buƙatar layi biyu tun daga shafin farko, ɗaya na abin da aka ambata, ɗaya na abin da ya shigo hannu, kuma da na biyun kaɗai ake yin kasafi.

Wannan ya shafi kowace irin gidauniya. Amma idan makarantar da ake tara wa kuɗin tana wata ƙasa, kuskure ɗaya kan haifi uku, domin ba a kusa ake ba balle a leƙa da yamma a gyara.

A wurinmu, ƙetare ba sai an hau jirgi ba. Daga Katsina ka bi Jibiya, ka fita ta Magama, ka shiga Ɗan Isa, sai Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Daga Daura ka bi Kongolam ta Mai'aduwa, ka shiga Ɗan Barto, Matamaye, har Damagaram. Jini ɗaya ne, har yau sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake kiranta. Kuma tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda hare-haren 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, wasu kuma suka raɓa da 'yan uwa. 'Ya'yansu suna shiga makarantun ƙauyukan da dama can ba su ishi yaran gari ba. Irin waɗannan makarantu ne ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai suke tashi su ce za su taimaka wa. Niyya ce mai kyau. Sai dai kusanci na yaudara: mutum na ganin harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sai ya ɗauka doka ɗaya ce, kuɗi ɗaya, manhaja ɗaya. Ba haka ba ne.

Abin farko, kafin a karɓi ko kwabo daga hannun kowa, a tura mutum biyu su je su gani. Biyu, ba tawaga ba. Su zauna da daraktan makarantar, da kwamitin iyaye da ke kula da ita wanda a can ake kira COGES, da mai gari. Daga nan su gaida shugaban hukumar garin da sufeton makarantun firamare na yankin. Su dawo da amsoshi a rubuce: yara nawa ke cikin rajista, nawa ke zuwa a zahiri ranar da aka je ba tare da sanarwa ba, malamai nawa gwamnati ke biya, nawa iyaye ke biya, azuzuwa nawa na siminti, nawa na zana, ina ake samun ruwa, filin na wane ne kuma akwai takarda ko babu. Maganar fili kada a yi wasa da ita. "Na ba ku don Allah" magana ce mai daɗi, amma mai filin zai rasu, magada kuma ba su ji ba.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: ku ƙara wa makarantar da hukuma ta riga ta sani ƙarfi, kada ku kafa sabuwa. Sabuwar makaranta da ba ta cikin lissafin ma'aikatar ilimi ba za a turo mata malami ba, albashi ya zama wuyanku har abada. Ƙari a kan haka, a 'yan shekarun nan hukumomin Nijar sun tsananta sa ido a kan ƙungiyoyin agaji, musamman na waje. Ƙungiyar Katsina da ta tsallaka ta fara aza tubali da sunanta ba tare da izini ba tana neman wa kanta magana. Aiki ya tafi da sunan kwamitin makarantar, ku kuna bayansa.

A gida kuma, kuɗin jama'a ba ya zama a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ba zargi ba ne. Mutum na mutuwa, ana rufe asusu, ko kuɗin gidauniya ya cakuɗe da na shago har shi kansa ya kasa rabewa. Ƙungiyar da ke son daɗewa ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, wanda ya haɗa da buga sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan ta karɓi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin banki zai tambaye ta kafin ya buɗe asusun ƙungiya. A sa mutum uku masu sa hannu, kowane biyu su isa a fitar da kuɗi. Wannan zirga-zirgar kan ci wata biyu ko fiye, saboda haka a fara ta tun kafin a tsaida ranar taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai zakka. Mutane da yawa za su ce ga zakkarsu a sa a ciki, musamman a watan azumi. A buɗe mata shafi daban. Zakka na da masu cinta guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma mafi yawan malamanmu ba sa ganin a zuba ta a gini. Sannan a mazhabar Malikiyya asali ana raba ta ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, sai idan na nesa sun fi buƙata. Ku kai wa malami tambayar da cikakken bayani, ya faɗa muku inda za ta shiga. Siminti da kwano kuwa a saye su da sadaka da waƙafi.

Yanzu ga inda yawancin gidauniyoyi ke karyewa. Gini kuɗi ne na sau ɗaya, kuma shi kowa ke son biya saboda ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa. Alawus ɗin malamin da iyaye suka ɗauka, alli, abinci, gyaran famfo, waɗannan kullum ne, ba mai yi musu kabbara. Maganinsu karo-karo na wata-wata. A ce kuna da mutum 150, kowa ya ɗauki naira 2,000, wato 300,000 a wata. To kada ku ɗauki nauyin da ya kai 300,000. Ku ɗauki na 200,000, domin wani zai manta, wani kasuwa za ta juya masa baya, wani zai yi fushi a zauren WhatsApp ya fita. Ragowar a tara har ta kai kuɗin wata uku a ajiye. A raba mutanen gida-gida, kowane mutum goma da mai bi musu, wanda ya san su ido da ido, domin saƙon da aka jefa wa mutum ɗari da hamsin ba na kowa ba ne. Mata su sami mai karɓa mace. Sau da yawa kuɗinsu ya fi na maza zuwa a kan lokaci, ko da ya fi ƙanƙanta.

Kun tara naira, amma makarantar sefa take ci. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi daga nan. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta sha faɗuwa da tashi. Ma'ana, kiyasin da aka yi a Janairu da naira yana iya zama rabin aiki a Yuni ba tare da kowa ya ci kwabo ba, sai a fara kallon ma'aji. Don haka kasafin a rubuta shi da sefa tun asali, a riƙa fassara wa masu bayarwa da naira a farashin ranar, kuma kuɗin gini da ya taru a canza shi da wuri, kada ya kwana yana jiran sauran alkawura.

Akwai kuma tarkon baki. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Idan magini a Maraɗi ya ce "ɗari biyar", 2,500 yake nufi. "Dala ashirin" sefa 100 ce. Jika ɗaya 1,000. Ɗan Jibiya ko ɗan Mai'aduwa ya san wannan tun yana yaro, amma ɗan kwamitin da ke zaune a Abuja yana sauraron saƙon murya zai rubuta 500 inda ake nufin 2,500. Duk farashin da aka faɗa a waya a sake turo shi da lambobi a rubuce.

Wajen aikawa, ba na son a ɗora wa direba ko wani mai tafiya damin kuɗi. Hanya ba tabbas, kuma doka ta ce wanda zai fita da abin da ya wuce dala 10,000 ta Amurka ko kwatankwacinta sai ya bayyana wa kwastan. A cikin Nijar akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, masu rassa a garuruwa da yawa, kuma suna ba da rasit. Ko ta wace hanya aka bi, abu uku su shiga littafi: nawa aka fitar da naira, a wane farashi aka canza, nawa ya isa da sefa bayan an cire lada. Can ma mutum biyu su karɓa, darakta da ma'ajin kwamitin iyaye. Kuɗin gini a sake shi kashi-kashi: na tushe, na tada bango zuwa linta, na rufi, na filasta da ƙofofi. Ba a sakin na gaba sai an ga hoton na baya da wani ɗan kwamitin tsaye a ciki. Kaso goma cikin ɗari na ladan magini a riƙe sai rufin ya ga ruwan farko.

Kaya kuwa, in dai ana samunsu can, a saye su can. Iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ƙofar Jibiya ma sai Afrilun 2022 aka buɗe ta, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Siminti da ya kwana wata biyu a shago a Jibiya yana jiran a buɗe hanya dutse ne. Ko a buɗe take, kuɗin mota da na shingaye kan cinye rangwamen da aka samu a kasuwar Katsina.

Game da ginin kansa, bari in ɗan daɗe, domin nan ne ake asara mai yawa. Ɗauki aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, bango mita 3. Zagayensa mita 32, wato murabba'in mita 96 na bango. Cire kamar 10 na ƙofofi biyu da tagogi, saura 86. Bulon da maginin Katsina ya saba da shi, mai tsawon inci 18 da tsayin inci 9, guda goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, sai ya ce maka 860. Bulon da aka fi bugawa a Nijar santimita 40 ne da 20, sha biyu da rabi ke rufe mita ɗaya, wato 1,075. Bambancin ya haura ɗari biyu a aji ɗaya, ban da na tushe da na kusurwar sama da wanda zai fashe. Idan aka yi kiyasi a Katsina aka aika kuɗi, ginin zai tsaya a taga, a ce an ci kuɗi. Kiyasi na maginin da zai yi aikin ne, wani magini daban ya duba.

A tsaya a kan mai buga bulo. Buhun siminti mai kilo 50 da aka ja shi ya fitar da bulo arba'in da wani abu, bulon da za ka murje da yatsa ne. A yarje da shi tun farko ko nawa zai fitar a buhu, a ƙirga buhunan da aka zazzage. A shayar da bulo safe da yamma aƙalla kwana bakwai, musamman da hunturu da iska ke busar da shi kafin ya kama. Wannan na nufin a san inda ruwan zai fito da kuɗin amalanken da zai ɗauko shi, abin da kusan kullum ake mantawa a kasafi. Lokacin gini daga bayan kaka ne zuwa kafin zafi ya tsananta: hanya ta bushe, ma'aikata sun dawo daga gona.

Rufi shi ne ke tafiya da farko. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma kwanon da aka ɗora da ƙusa kawai a kan katako zai tashi gaba ɗaya kamar faifai. A zuba ɗaurin kankare a saman bango zagaye, a bar rodi a cikinsa da za a naɗe ƙarfen rufin da shi. Ƙarfe ya fi katako saboda gara. Tagogi su kalli kudu da arewa don rana kada ta shiga ta dafa yara. Ƙofa biyu, masu buɗewa waje.

Maganar ƙofa biyu ba ado ba ce. A 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta sake tashi a Maraɗi cikin Nuwamba, kowacce ta ci ƙananan yara ashirin ko fiye. Idan kuɗinku bai kai na siminti ba kuma dole sai an yi rumfa, a raba rumfunan nesa da juna, kowacce da mafita biyu, a nisanta su da murhun masu abinci, kuma kada a sa 'yan ƙananan a ciki.

Ban-ɗaki a yi shi tare da aji, ba "in an samu ƙari" ba. Na mata daban da na maza, da ƙofa mai sakata. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne rami ɗaya ga 'yan mata kamar 30, ɗaya ga maza kamar 60, kuma a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30. Yarinyar da ta fara girma ba za ta faɗa maka dalilin da ya sa ta daina zuwa ba.

Littattafai su ne abin da mutane suka fi son tarawa, kuma su ne suka fi zama shara. Firamare a Nijar shekara shida ce, daga CI, wato aji ɗaya, zuwa CM2, wato aji shida, kuma littattafan manhajarsu na Faransanci ne, duk da cewa a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Katan-katan na tsofaffin littattafan Turanci da aka kwaso daga gidajen Katsina ba abin da malamin aji, wanda a can ake kira mushe, zai yi da su. Ko littafin rubutu ba iri ɗaya ba ne: nasu mai ƙananan layuka ne a jere da ake koyon rubutun Faransanci a kai. Abin da ke tsallakawa lafiya shi ne littafin karatun Hausa, shi ma a sani cewa inda muke rubuta 'y su ƴ suke sawa. A tambayi darakta jerin abin da yake so, a saya a Maraɗi ko Damagaram. Allon hannu da alli ga 'yan aji ɗaya sun fi komai arha kuma sun fi komai aiki. Benci mai haɗe da tebur, ƙafar ƙarfe, yara uku a kowanne, aji mai yara 50 na buƙatar 17. Maƙerin garin ya ƙera, don in ya karye shi zai gyara.

Abinci kada a fara shi sai an tabbata za a iya ci gaba, domin ranar da tukunya ta sauka ranar yara ke raguwa. Lissafinsa a fili yake. A ba kowane yaro giram 150 na hatsi, 40 na wake, 10 na mai. Yara 200 za su ci kilo 30 na hatsi a rana, tiya 12 ke nan, buhu shida masu kilo ɗari a kwanakin karatu ashirin. Wake kilo 8 a rana, mai ya ɗan haura lita biyu. Ga gishiri, ga itace, ga niƙa, ga ɗan abin sabulu na masu dafawa. A sayi na shekara da kaka. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ciki uku, a ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Makulli biyu, hannu biyu.

Masu aikin sa-kai suna da nasu kuskuren da ake maimaitawa. Ɗalibai daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa sukan ce za su je koyarwa a dogon hutu. To shekarar karatun Nijar daga Oktoba take zuwa Yuni. A Agusta makaranta na kulle, yara na gona. In za a je, a daidaita da darakta a lokacin da ake karatu, kuma a je da abu ɗaya takamaimai: koyar da karatun Hausa, ko Turanci ga yaran da ake sa ran za su dawo gida, ko duba ido. Mako biyu na baƙo ba ya maye gurbin malami. Kuɗin motar mutum goma zai iya riƙe malamin garin na tsawon lokaci. Wanda zai je ya tafi da fasfo ko takardar tafiya mai rai da katin rigakafin shawara, a bincika ƙa'idar iyaka a makon tafiyar tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a yi tafiyar rana, kuma kada a sanar da ranar a Facebook. Baƙo ba ya keɓewa da yaro, kowane ne shi.

Gaskiya mafi yawan aikin sa-kai a nan gida yake, kuma ba shi da armashi. Akawu da zai duba littafi duk wata uku kyauta. Injiniyan da zai kalli kiyasi ya ce rodin nan bai isa ba. Mai jin Faransanci da zai rubuta wa sufeto wasiƙa. Ɗan kasuwar da ke zuwa Maraɗi kowane mako, wanda zai ratse ya leƙa ba tare da an san zai zo ba.

Rahoto ya fita ranar da aka tsaida kowane wata, ko da abin da ya shigo kaɗan ne, ko da labarin ba daɗi. Shafi ɗaya ya isa: abin da aka buɗe wata da shi, abin da ya shigo, abin da ya fita da rasit, abin da ya rage da naira da sefa, yara nawa suka zo. A karanta shi da murya ma a tura, saboda waɗanda ba sa karatu. Hoto kuwa a ɗauki bango da benci da buhuna. In za a ɗauki yara, daga bayan aji, suna fuskantar allo, kuma sai iyayensu sun yarda.